Akwatin Abdulgaffar da Ya Ƙi Ɓoyuwa

Ƙanen maigidana, Abdulgaffar, mutum ne da Allah ya hore wa baki. Sauran gaɓoɓin kuwa sai a hankali. Yana aiki a wani ofis a Safana inda ake kula da wasannin matasa, kuma kullum a bayan a-kori-kura yake tafiya daga ƙauyenmu, a matse tsakanin buhunan gero da awakin mutane, ya sauka yana karkaɗe riga yana koya wa direba yadda ake shan kwana.

Gab da faɗuwar damina aka kawo wa ofishinsu babur sabo, ja, ko ledarsa ba a ɓare ba. Babur ɗaya, masu nema biyu: shi da abokin aikinsa Ubaidullahi, wani bawan Allah da sai ka yini da shi ba ka ji muryarsa ba in ba a sallama ba. Shugabarsu, Hajiya Nana Hadiza, ta ce kowa ya shirya wa matasa wani abu ta je ta gani da idonta. Wanda nasa ya fi, shi za a miƙa wa makulli.

Ubaidullahi ya ce zai haɗa gasar langa.

"Langa," in ji Abdulgaffar da ya dawo ya same mu a tsakar gida, ina tankaɗe, Inna surukata tana tsinke zogale. "A wannan zamanin, ƙato ya riƙe ƙafa ɗaya yana tsalle kamar zakaran da aka taka. Matar Yaya, ki sa a share mani gefen zaure, babur na nan tafe."

"Kai me za ka haɗa, Ogan Safana?"

Ya zaro waya ya yi ta shafa ta da yatsa har ya samo hoton wasu Turawa sun durƙusa gindin bishiya suna dariya.

"Wannan shi ake yi a ƙasashen da aka ci gaba. A sami daji kusa da ruwa, kamar namu na bakin dam. Mutum ya ɓoye ɗan akwati, a ciki da hatimi da tawada da ɗan littafi. Sai ya rubuta alamomi a takarda, bi nan, juya can. Masu yawo su bi alamomin, su sha iska, su gano akwatin, su buga hatimin a takardarsu, su sa hannu a littafin, su mayar da shi inda yake saboda na baya."

"Me ke cikin akwatin na ci?" in ji Inna.

"Babu, Inna."

"Na sawa fa?"

"Babu. Daɗin a cikin neman yake."

"Ni kullum cikin neman allurata nake, ban taɓa jin daɗin ba."

Na ce, "Su mutanen can ba su da gona ne?"

Ya dube ni irin kallon da likita ke yi wa wanda ya zo asibiti a makare. Sunan wasan da Turanci ya faɗa mana har sau uku, kowane da irin sautinsa, daga baya ya haƙura ya raɗa masa Ɓoyon Akwati.

Dam ɗin namu ba wani babba ba ne. Ƙasa aka tara aka tare rafi, shanu na sha, masunta na samun tarwaɗa. Dajin gefensa kuwa duk inda ka tsaya a ciki kana jin kiran sallar gari. Can ciki inda ba a zuwa, shi ma duk bakinsa bai ambata ba.

Ranar kasuwar Batsari ya sayo ɗan akwatin kwano kore. Hatimi kuwa ya ce da hannunsa zai sassaƙa, don masu sassaƙar Katsina ba su da basira. Ya kulle kansa a ɗaki da reza da wani guntun roba. Ya fito da tsumma a yatsu biyu, ya buga abin a takarda ya ɗaga mana.

"Zaki ne."

Maigidana ya ce shi kwaɗo yake gani. Ni na ga tukunya mai ƙafafu. Inna ta ce a'uzubillahi, ta koma neman silifas ɗinta na alwala, wanda ƙafa ɗaya ta ɓace tun safe. Muka ɗora wa karen maƙwabta, Allah ya yafe mana.

Ya sa farin fenti ya rubuta a murfin akwatin: ABDULGAFFAR, MAI ƘIRƘIRA. Washegari da hantsi ya saɓa shi ya nufi daji don gwaji. Ya cusa shi a kogon wata kuka, ya toshe da ciyawa, sannan ya biyo ta wurin mai shayi ya sanar da majalisa cewa ya yi ɓoyon da ko soja da karensa sai sun kwana suna nema.

Ya yi sallama ya shigo gida yana fito. Akwatin na zaune kan tabarma kusa da Inna. Gefensa Fanta ce, mai kawo mana nono daga ruga, tana shan ruwa a moɗa.

"Ga mai shi nan," in ji Inna. "Zo ka durƙusa ka yi godiya."

Fanta ta gaishe shi, ta tambayi aiki, ta tambayi gajiya, ta tambayi mutanen Safana ɗaya bayan ɗaya kamar ta san su, sannan ta ce, "Na ratso ta gindin kuka na ga ciyawa a inda ciyawa ba ta tsira. Na ce wani ɓarawo ya sato kayan bayin Allah ya ɓoye. Mai shagon bakin hanya ya karanta mani sunan, na ce ai ɗan Inna ne. A kan ƙwaryata na ɗoro shi."

"Ba sace shi aka yi ba. Ni na ɓoye."

"Don wa?"

"Don a gano."

"To ai na gano."

"Sai ki bar shi a can."

Fanta ta dubi Inna, ta sake dubansa. "In ga kayan Musulmi a daji in wuce? In Allah ya tambaye ni in ce me?"

Inna ta auna mata daddawa tukuici, ta kuma tsaya a kansa har sai da ya durƙusa ya ce ya gode, Allah ya bar zumunci.

"Wannan gwaji ne," ya ce da ni bayan ta fita. "Dama so nake in ga ƙarfin idon jama'a."

"Ka gani?"

"Kuskuren na kukar ne."

Karo na biyu ya kai shi bakin ruwa, ya tura ƙarƙashin wani dutse ya jera duwatsu a kai. Wannan ya kai har azahar. Surajo masunci ya kawo shi a cikin gora tare da kifi, ya tsaya a ƙofar gida ya yi masa faɗa kamar ɗan cikinsa, wai mutum mai aikin gwamnati ya riƙa zubar da kaya kamar mai ramin aljihu, yau akwati, gobe sai takardun albashi. Abdulgaffar ya fara bayanin ƙasashen da aka ci gaba. Surajo ya saurara har ƙarshe, ya girgiza kai, ya ja maigidana gefe ya ce a nema wa yaron nan taimako tun abin bai yi nisa ba.

Kafin mako ya zagayo gari ya ɗauka cewa mantuwa ta kama ɗan Inna. Duk wanda ya tsinci wani abu mai murfi, gidanmu yake kawowa. Gwangwanin madara, tsohon batirin mota, kwalbar turare, har wata tukunyar shayi marar hannu. Kowa kuma sai ya jira an fito an yi masa godiya. Inna ta karɓo rubutu wajen Liman ta riƙa tsare shi da kofi kafin ya fita aiki.

"Inna, lafiyata ƙalau."

"Haka babanka ya ce. Shanye."

Ya zauna ya yi nazari, ya gano cewa matsalar sunansa ce, ta yi girma da yawa a ƙasar nan. Ya sa wuƙa ya kankare fentin tas. Ya ce yanzu sai ya ga gidan da za a kai shi. Ya hau wani gawo ya saƙale akwatin a tsakanin rassa, ya sauko da sauri fiye da yadda ya yi niyya, ya dawo yana ɗingishi yana cewa sabon salon tafiya ne na masu hawan dutse.

Kwana biyu shiru. Ya riƙa wuce ni yana murmushi.

"Matar Yaya, yau ba baƙi?"

"Ranar ba ta faɗi ba tukuna."

Ashe Daudu, wani makiyayi dattijo, ya hau gawon nan sassabo wa shanunsa ganye ya ci karo da shi. Ya juya shi sama da ƙasa bai ga suna ba. Sai ya yi abin da duk mai tsoron Allah ke yi da tsintuwar da ba a san mai ita ba, ya kai masallacin Juma'a.

Ni ban je ba, amma lasifikar masallacinmu ba ta san sirri ba. Muna zaune da Inna a inuwa bayan an sallame, sai muka ji ladan ya hura ta.

"Jama'a a ɗan dakata, akwai cigiya. An tsinci akwati a kan bishiya. Mai shi ya taso ya faɗi kamanninsa da abin da ke ciki, kamar yadda shari'a ta ce."

Sai gyaran murya, wadda ko a cikin barci na san ta.

"Nawa ne, Allah gafarta Malam."

"Matso kusa da na'ura," in ji Liman. "Me ya kai akwatinka kan bishiya?"

"Wani shiri ne na zamani, wanda in na tsaya bayani..."

"Bar bayanin. Me ke ciki?"

"Littafi. Da tawada. Da hatimi."

"Ni ban ga hatimi ba. Na ga guntun takalmi."

"Shi ne hatimin."

"Siffanta shi."

"Silifas ne. Shuɗi." Ya ɗan tsaya. "Na mata."

Inna ta ajiye carbinta a hankali kan tabarma.

"Akwai zane a jiki," in ji Liman. "Zanen mene ne?"

"Zaki."

Muka ji ana ta miƙa abin daga hannu zuwa hannu a sahun gaba. Wani ya ce kunkuru. Wani ya ce a'a, duba da kyau, wannan fara ce aka taka. Liman ya ce shi dai tsakaninsa da Allah bai ga zaki ba, saboda haka siffa ba ta cika ba. Ya sa ladan ya tambaya ko akwai wani mai akwati da hoton kunkuru. Da ba a sami kowa ba aka ba Abdulgaffar, bayan nasiha a kan riƙon kaya da haƙƙin iyaye, wadda aka ji har ƙauyen Karare in iska ta taimaka.

Da ya shigo gida Inna ta ɗauko silifas ɗinta. Ƙafa ɗayan da ta rage ta ajiye masa a ƙofar ɗaki, ta ce ya haɗa ya sassaƙa damisa.

Da wani ne da ya haƙura. Amma a satin nan Ubaidullahi ya yi gasarsa ta langa, Hajiya ta je ta gani ta ce ba laifi. Abdulgaffar ya ce "ba laifi" a bakin manya kora ce cikin ladabi. Nasa an sa Asabar. Ya ce yanzu ya gane inda gyaran yake: mutanenmu ba su da mugunta, ilimi ne bai ishe su ba, sai an wayar musu da kai. Ya tafi wajen Mai Unguwa ya roƙi a yi shela cewa duk wanda ya ga akwati a daji kada ya taɓa.

"Madalla," in ji Mai Unguwa. "A ina za ka sa shi?"

"Ai sirrin ke nan, ranka ya daɗe."

"To ta yaya za su kauce wa wurin da ba su sani ba? Ka ga Daudu ma ba nema ya je ba."

Abdulgaffar ya ga maganar da hankali. Ya sunkuya ya raɗa masa a kunne. Mai Unguwa ya raɗa wa mai shela. Mai shela ya ɗauki gangarsa bayan la'asar ya zagaye gari lungu-lungu.

"Ana gaishe ku, ana kuma gargaɗinku. Akwatin Malam Abdulgaffar na gindin kanyar nan mai rassa biyu, bayan mashayar shanu, a cikin rami an rufe da ƙaya. Kada wanda ya ɗauka. Kada wanda ya nuna wa baƙi. Babbar Hajiya na tafe daga Safana ranar Asabar. Akwai littafi a ciki, akwai tawada. Wanda ya riga isa shi ke riga sa hannu."

Abdulgaffar bai ji shelar ba. Yana binne akwatin ya hau mota ya tafi Safana ya kwana, wai don ya rako baƙi da kansa.

To mu nan ƙasar, in aka ce babba na zuwa daga ofis, ga littafi, ga tawada, ga damina a bakin ƙofa, ba sai an ƙarasa maganar ba. Kafin magariba kowa ya san takin zamani za a raba. Kafin isha'i an san har irinsa.

Na ce wa maƙwabciyata wallahi ba taki, wasa ne. Ta ce haka ne, ai ku 'yan gida kun riga kun dangwala. Na ce wa Inna. Inna ta ce, "Ke kin san gwamnati? Da haka take fara abinta, kamar wasa." Da safe ta ɗaura zanenta na biki ta ce in ba zan raka ta ba ta tafi ita kaɗai. Na sa hijabi na bi ta, ba don komai ba sai don ƙafarta.

Ta burtalin shanu muka bi, wanda ya miƙe daga bakin titi har gindin kanyar, ko gumi ba mu yi ba. Na tarar da abin da ban taɓa gani ba ko ranar idi. An share wurin fes. An kafa rumfa. Layin maza daban, na mata daban, kowane ya miƙe ya lanƙwasa. Mutanen Karare sun zo a babura, na rugage sun zo da sandunansu. Masu ƙosai sun kafa kasko, da yake kuma ba su zo da itace ba sai suka faskare wani kututture da suka tarar a kwance nan kusa. Mai Unguwa ya ce bai kamata kayan gwamnati su kwana a rami ga sanyin ƙasa ba, ya sa aka fito da akwatin aka ɗora kan kujera aka shimfiɗa masa darduma. Daudu ke gadinsa, tunda ya saba da shi.

Ba wanda ya ɗauka, gaskiya. An dai buɗe. Kowa ya zo ya dangwala babban yatsa a tawada ya manna a littafi. Da tawada ta bushe aka tofa mata ruwa. Da littafi ya cika aka koma dangwalawa a kan na wasu. Wani tsoho ya dangwala duka yatsunsa goma, ya ce gonakinsa a warwatse suke.

Rana ta ɗaga sosai sai muka fara jin motsi daga can cikin sarƙaƙiya, ɓangaren da ko akuya ba ta bi. Mai Unguwa ya ɗaga hannu.

"Baƙi ne. Kowa ya kama bakinsa. An ce kada a nuna musu."

Jama'ar nan kaf suka yi tsit. Masu goyo suka toshe bakin 'ya'yansu da nono. Ba abin da kake ji sai tafasar mai a kasko, da muryar ƙanen maigidana tana ratso ƙaya.

"A hankali, Hajiya, ɗage mayafin. Nan da kike gani, tun da aka halicci wurin nan ƙafar ɗan Adam ba ta taɓa taka shi ba sai tawa. In ba da takardar nan ba, mutum sai ya shekara."

"Karanta alamar kuma," in ji wata murya ta mace, a gajiye.

"Ka ba dam baya, ka nemi kututturen da ya kwanta kamar raƙumi, ka bi inda kansa ya nuna."

"Ina kututturen?"

"Yana nan. Ɗazu ma... yana nan dai."

Mai ƙosan da ke kusa da ni ta dubi wutarta, ta dube ni, ta ƙara tura itacen ciki.

Suka wuce ta gabas da mu. Can suka dawo ta yamma. Muna hango jan mayafin Hajiya yana bayyana yana ɓacewa, a bayanta wasu matasa da aka kwaso daga Safana, sai Ubaidullahi a ƙarshe yana ɗauke da jakarta.

"Malam Abdulgaffar, wannan kukar mun wuce ta."

"'Yar'uwarta ce, Hajiya. Tare suka tashi."

"Ni kuma ƙamshin ƙosai nake ji."

"Wata bishiya ce. Haka take yi in damina ta kusa."

Wani jariri ya ƙwace ya tsala kuka.

"Tsuntsu ne," in ji Abdulgaffar. "Ba a samunsa sai a dajin da ba kowa."

Inna ta rufe fuska da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa. Ban sani ba ko dariya take ko istigfari.

Daga nan ya ce ya tuna, ta bakin ruwa ne. Muka ji sun gangara. Muka ji wani irin sauti kamar an zare muciya daga tuwo, sai salati, sai muryar Hajiya tana cewa a bar shi, a bar takalmin, ta yafe wa dam. Sannan ta ce, da wata murya da ba ta bar wurin musu ba, ita bishiyar ƙosan nan za ta bi.

Haka ta ɓullo mana ta cikin geza: ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya da laka har ƙauri, mayafi ya zama kamar an yi faɗa da kyanwa. Ta tsaya. Ta dubi rumfa, ta dubi layi, ta dubi akwati a kan darduma. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, gari ya ɗauka da maraba.

Abdulgaffar ya fito a bayanta da takarda a hannu. Na ga fuskarsa ta yi abin da madara ke yi in an ɗiga mata tsami. Amma bakin nan bai taɓa yashe shi ba.

"Hajiya, kin gani? Abin da na ɓoye miki ke nan. Dubi yadda jama'a suka karɓi shirin. Langa ta taɓa tara rabin wannan?"

Wallahi saura kaɗan ya sha. Hajiya ta sake duban taron, na ga tana gyaɗa kai. Aka kawo mata kujera da ruwa. Mai Unguwa ya yi jawabin godiya ga gwamnati da ta tuna da talakawa. Abdulgaffar ya tsaya a gefenta ya harɗe hannu a baya, yana kallon jakar da ke hannun Ubaidullahi.

Sai tsohon nan mai yatsu goma ya matso ya durƙusa.

"Ranki ya daɗe, buhu nawa-nawa ne? Don in san ko in aika a kawo jaki."

"Buhun me, Baba?"

"Takin."

"Wane taki?"



Hajiya ta sa aka miƙo mata littafin. Ta buɗe, ba ko farin wuri. Ta ɗaga guntun silifas ɗin da yatsu biyu ta duba gaba da baya.

"Malam Abdulgaffar, ka ce wa mutanen nan ofishina zai raba taki?"

"Ban ce ba, Hajiya. Fahimta ce irin ta... wato a ƙasashen da aka ci gaba..."

Ta miƙe da ƙafarta ɗaya mai takalmi ta yi wa jama'a bayani da kanta. Ba taki. Ba iri. Ba komai. Wasa ne, ana ɓoye akwati a nemo shi, shi ke nan.

"A nemo shi a yi me?" wani ya tambaya daga layin maza.

"A mayar."

Sai magana ta ɓarke ta ko'ina. Wannan ya bar sharar gona. Wancan ya ari babur tun daga Karare. Masu shanu sun bar su da ƙishi saboda layi ya tare mashaya. Fanta ta ce ita tun ranar farko ta san ba lafiya ba. Surajo ya ce ai ya faɗa a nema masa taimako, aka ƙi ji. Inna kuwa kallonsa kawai take, kuma da a ce ni ce shi da na fi son zagin.

Hajiya ta karɓi jakarta ta buɗe. Babur ɗin, ashe, an ɗoro shi a motar ofis yana bakin titi, don a miƙa wa mai rabo a gaban jama'a. Ta zaro makulli mai jan zare. Abdulgaffar, Allah shaida, sai da ya goge tafinsa a riga ya miƙo.

"Ubaidullahi, karɓi. Je ka zo da abin nan ka fitar da ni daga dajin nan. Ka dai yi haƙuri da nisa."

Aka nuna masa burtali. Kafin Hajiya ta gama wanke ƙafarta ya dawo a kai.

Ta dubi burtalin, miƙaƙƙe, shararre, ana hango motarta a ƙarshensa. Ta dubi sarƙaƙiyar da ta fito. Ta dubi Abdulgaffar.

"Titi na nan kusa haka?"

"Ai Hajiya, in aka bi nan ba a shan iska."

Ta hau ta gyara zama.

"In na sauke ki in kai makullin ofis?" in ji Ubaidullahi. Ranar na fara jin ya haɗa kalmomi da yawa haka.

"Na ce ka kai?"

Suka tafi. Abdulgaffar ya sunkuya zai ɗauki akwatinsa ya sulale, Daudu ya ɗora sanda a kan murfin.

"Tsaya, ɗan Inna. Tunda ba taki, ba ni yatsana."

"Wane yatsa, Baba?"

"Wanda na sa a littafinka. Ban san inda za ka kai shi ba. Gobe a ce na zaɓi wani, ko na sayar da gona."

Nan take kowa ya ga gaskiyar Daudu. Layin da ya fara watsewa ya sake haɗuwa, maza daban, mata daban. Aka zaunar da Abdulgaffar a kan dardumar, aka ba shi littafin da rezarsa, aka ce ya yanko wa kowa nasa. Yatsu kuwa sun hau kan juna kamar sawun kaji a turɓaya. Ya yanko ɗaya, mutum uku su ce nasu ne. Ya yanko wani, mai shi ya kara da yatsansa ya ce wannan ya yi ƙanƙanta, na mace ne, a sake dubawa. Tsohon nan ya zauna a gabansa ya baje hannuwa biyu, ya ce shi ba ya sauri.

Muka yi azahar a nan gindin kanyar, maza a gaba, mu a baya. Aka sallame aka koma layi.

Can sai ga ƙarar babur daga titi, Ubaidullahi ya sauke Hajiya ya juya ya nufi Safana. Abdulgaffar ya dakata da reza a hannu, tawada har goshi, ya kasa kunne har sautin ya ɓace.

"Kin ji, matar Yaya? Da jin ƙarar injin nan ba zai yi ƙarko ba. Allah ne ya rufa mani asiri."

"Allah ya ƙara rufawa," na ce. "Ga Inna, layi ya zo kanta."

Inna ta gyara zanenta na biki, ta zauna a gabansa, ta miƙa masa babban yatsanta har kusa da hanci.

"Nemo," ta ce.